Lambar da Aka Ba Ni a Zariya

Talata, 1 ga Mayu 1962, da hantsi. Kurmin Kogi.

Yaya Kulu ta ba ni ɗakin da suke ajiye gyaɗa. An kwashe buhunan an share, amma warin yana nan. Mijinta, Iliyasu, ya shimfiɗa mini buzu, ya ce in zauna har ranar da na ga dama.

Tafintan asibiti ne ya ce in riƙa rubuta abin da ya faru kullum, wai yana taimakon mai mantuwa. To ga shi na fara. Sunana Inuwa. Ni ne malamin aji huɗu a makarantar Makarfi, ko in ce ni ne a da. Sanƙarau ya kayar da mu mu biyu a mako ɗaya cikin bazarar nan, ni da matata Rahmatu. Ni kaɗai na tashi.

'Yarmu Bilki tana Kudan wurin kakarta. Shekarunta huɗu.

Laraba, bayan azahar.

Bari in rubuta zancen Zariya tun ina tuna shi.

Da za a sallame ni, ofishin ilimi ya aiko cewa ba zan koma aji ba sai an duba kaina. Na ɗauka fitila za a haska mini a ido. Sai aka kai ni wani ɗaki mai tebur ɗaya, ga Baturen likita, ga tafintansa, wani Malam Tanko. Baturen ya cire agogonsa ya ajiye a gabansa.

Ya faɗi lambobi, ya ce in maimaita. Na kai huɗu. Ya ce in maimaita daga baya zuwa gaba. Na kai uku, na ukun ma da ƙyar. Ni da nake sa yara haddar lissafi da bulala a hannu.

Ya zube wasu 'yan katakai masu kusurwa, gefe ja gefe fari, ya nuna mini zane a takarda ya ce in jera su haka. Ina juya su, yana kallon agogo. Ban gama ba ya kwashe.

Sai tambayoyi. Me ya haɗa lemo da ayaba? Na ce duk a kasuwa ake sayar da su. Idan na tsinci wasiƙa a hanya, a rufe, da kan sarki a jikinta, me zan yi? Na ce in kai wa mai unguwa. Malam Tanko ya ɗan dube ni kafin ya juya maganar. Daga baya ya ce mini a gidan waya ake so in ce zan jefa ta.

Sunan abin Ai-kiyu. Malam Tanko ya ce awon basira ne, mutum tsaka-tsaki ɗari yake samu. Ni na sami saba'in da takwas. Ofis ba ya mayar da malami aji sai ya kai casa'in. Za a sake gwada ni bayan mako shida.

Na ce, "Malam, tambaye shi, ana iya ƙara shi?"

Suka yi magana. Malam Tanko ya ce, "Ya ce a wurin mai lafiya ba ya cika motsi, kamar tsawon mutum ne in ya gama girma. Amma wanda ciwo ya taɓa, shi ma bai sani ba."

Juma'a, da la'asar.

Saba'in da takwas.

Lahadi, da safe.

An yi ruwa jiya. Kowa ya fita shuka, har yara. Ni kaɗai ne namiji a cikin gari, sai wani tsoho makaho da yake kaɗa igiya a gindin ɗorawa. Na gaishe shi, ya ce, "Malamin boko ne? Ya jiki? An ce an auna hankalinka a Zariya an ga ya ragu."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Ya ma yi mini addu'a.

Ashe labari ya riga ni zuwa. Na so in ce masa basira aka ce, ba hankali ba, amma da na buɗe baki sai na rasa ta inda zan raba masa su.

Talata, bayan magariba.

Na zana wa Yaya Iliyasu katakan a ƙasa. Yau da ya dawo gona ya sassaƙa mini guda tara da reshen rimi, muka shafa musu jar ƙasa da farar ƙasa. Ya ce in ba shi ya gwada. Ya yi ta juyawa, ya kasa, ya yi dariya har da hawaye.

Ya ce, "Kulu, zo ki ga mijinki. Ni ina jin talatin zan samu."

Ta ce, "Da wa ya ce za ka kai talatin?"

Suka yi ta yi. Ni ma na yi dariya. Bayan sun shiga ɗaki na ji suna ci gaba da hira ƙasa-ƙasa, irin ta miji da mata. Na tattara katakan na shige.

Alhamis, da hantsi.

Na sami dabara. Da safe in rubuta lambobi cikin rubutun ajami, wanda Yaya Iliyasu yake iya karantawa, in kife takardar. Kafin yamma na manta su sarai. Sai ya karanta mini in maimaita. Karon farko ke nan da mantuwata ta yi mini amfani.

Biyar gaba, uku baya.

Litinin, ranar Babbar Sallah, bayan an sauko idi.

Yaya Kulu ta ɓoye mini ƙwaƙwalwar ragon, ta soya da man shanu ta kawo mini ɗaki. Ta tsaya a kaina sai da na cinye. Ta kuma karɓo rubutu wurin liman, wai na buɗe basira. Na sha. Ita ta goye ni ina ƙarami, ba yau zan fara yi mata gardama ba.

Bara war haka ina riƙe da ƙafar rago, wata tana ɗaura wa Bilki ɗankwali yana zamewa.

Ba zan ƙara rubutu ba yau.

Laraba, bayan magariba.

Na je Kudan a keken Yaya Iliyasu. Na tashi da asuba, ban isa ba sai bayan hantsi, don na yi ta tsayawa ina hutawa.

Iya Hajo, mahaifiyar Rahmatu, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a soro. Na durƙusa muka gaisa. Ta tambayi jiki, ta tambayi Yaya Kulu, ta tambayi damina. Ta rame sosai. Ba ta kira sunan marigayiyar ba, ni ma ban kira ba.

Bilki ta fito da gudu ta faɗa jikina. An yi mata kitso an sa mata lalle. Ta shafa kaina ta ce wa ya aske ni haka. Sannan ta yi tambayar da na san za ta yi. Iya ta ce mata ta je ta kawo mini fura.

Da ta shiga na ce, "Iya, na zo ne a kan maganar yarinya."

Ta ce, "Na sani."

"Ina so in na koma Makarfi ta koma tare da ni."

Ta ce, "Malam, 'yarka ce, ba ni da ikon hana ka. Amma mun ji abin da aka ce a Zariya. Guda ɗaya na haifa mace, ka san inda take. Wannan ce ta rage mini. In na ba ka ita ka manta ta a bakin rijiya fa?"

Na ce, "Iya, ba hauka aka ce ina yi ba."

"Ban ce ba. Ni ban san abin da suka auna ba. Amma tunda su suka ce ya ragu, ranar da suka ce ya dawo, ka zo ka ɗauke ta. Ba zan ƙara ko kalma ɗaya ba."

Na ce to. Me zan ce?

Asabar, da la'asar.

Shida gaba, huɗu baya. Katakai huɗu na jera su kafin Yaya Iliyasu ya gama alwala.

Lahadi, bayan isha'i.

Liman ya yi tafiya, aka tura ni gaba a sallar la'asar, wai ni ne malami. Na ƙi, suka nace. Ina cikin zaman tahiya sai na rasa ko ta biyu ce ko ta huɗu. Na miƙe. Na ji "Subhanallah" daga baya. Na zauna. Na sake ji. Ban san wanne suke nufi ba.

Da aka idar kowa ya ba ni hannu kamar kullum. Da magariba wani aka tura.

Talata, da hantsi.

Tun jiya nake juya kalmomin nan. Akwai hankali, akwai basira, akwai wayo, akwai hadda. A ajina akwai yaron da yake haddace shafi guda a zama ɗaya, amma in ka aike shi kasuwa sai ya dawo ba canji ba kaya. Akwai wanda bai taɓa cin lissafi ba, amma in faɗa ya ɓarke a fili shi yake raba shi. Wannensu ne ɗari? Ni kaina da bulala nake raba su, mai ci a gaba, marar ci a baya, ban taɓa tambayar abin da nake aunawa ba.

Wani lokaci in ce awon Baturen shirme ne, tunda mai unguwa ai shi ya san gidan kowa. Sai kuma in tuna ba wasiƙa ce ta sa na kasa wuce lamba huɗu ba. Wani abu ya tafi daga kaina, wannan gaskiya ne. Shi ya gan shi, ya sa masa lamba.

Matata ba ta iya boko ba. Amma tun daga sallamata take gane ko ranar ta yi daɗi a makaranta. Ban san nawa za a ba ta ba.

Alhamis, da yamma.

Ruwa tun safe. Ba wanda ya yi mini magana sai Yaya Kulu da ta kawo tuwo.

Asabar, bayan azahar.

Na ɗora ruwan zafi a murhun bayan ɗaki. Na fita in tsinko ganyen lemun tsami. Abin da na sani kawai, ga ni zaune a bakin rafi ina kallon mata suna wanki, rana ta yi sama.

Da na dawo, zanan bayan ɗakina ya ƙone rabi, ƙasa jiƙe, tukunyar ta fashe. Yaya Kulu tana zaune tana shafa man shanu a hannunta.

Na ce, "Yaya, ni ne?"

Ta ce, "Iska ce ta kwashi wutar."

"Yaya."

"Inuwa, na ce iska ce. Haka zan gaya wa mai gidan, kai ma haka za ka ce. Je ka wanke fuska."

Da yamma na yi bakwai gaba, biyar baya. Ban taɓa kaiwa haka ba. Yaya Iliyasu ya yi ta tafi yana cewa ai na warke.

Litinin, da safe.

Duk katakai taran, zane uku, ba kuskure.

Laraba, da la'asar.

Na yi ƙoƙarin tuna muryar matata. Fuskar tana zuwa, muryar ba ta zuwa. Ban sani ba ko ciwon ne, ko kowa haka yake yi.

Juma'a, bayan masallaci.

Lemo da ayaba duka 'ya'yan itace ne. Wasiƙa a kai ta gidan waya. Riga da wando duka sutura ne. Na gane yadda yake son amsa: ba ya son a ce ina ake samun abu, so yake a ce wane iri ne. Ina ta bita a hanya ina dawowa, har wasu yara suka tsaya suna kallona.

Talata, 12 ga Yuni, bayan la'asar. Zariya.

Ɗakin nan dai, agogon nan dai. Zanen da ya ba ni ba irin na wancan karon ba ne, amma yatsuna sun san katakan. Na gama na ɗaga kai yana kallon agogo, sai ya dube ni.

Ya daɗe yana lissafi. Malam Tanko ya yi murmushi ya ce, "Casa'in da biyu. Barka, Malam."

Baturen ya yi wata tambaya. Malam Tanko ya ce, "Wai ko ka yi ta gwadawa a gida?"

Ya ɗan ƙifta mini ido, alamar in ce a'a. Na ce masa ya gaya masa gaskiya, mijin yayata ya sassaƙa mini irinsu, kullum sai na yi.

Baturen ya jingina da kujera ya cire tabarau. Ya yi magana mai tsawo. Malam Tanko ya ce, "Ya ce ba laifi ka yi ba. Amma yanzu bai san me ya ƙaru ba, kanka ne ya warke ko hannunka ne ya saba. Ya ce mai yiwuwa duka biyun, awonsa ba ya iya raba su. Ya ce kai me ka gani?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar tun da na tashi. Na tuna hannun Yaya Kulu. Na tuna kuma wadda take jira a Kudan. Na ce, "Na ji sauƙi." Ba ƙarya ba ce, amma ba duka ba ne.

Ya sa hannu a takardar. Ofis ya ce in koma aji ranar Litinin.

Laraba, bayan magariba. Makarfi.

Na sauka daga mota ana tsakiyar cin kasuwa. Mutane suna ta yi mini barka da arziki. Na sayi mazarƙwaila don Bilki. Na kama hanyar gida.

Shekara biyar ina bin hanyar nan. Na wuce masu rake, na karya kwana, sai na ga ban san lungun ba. Na koma, na sake karyawa, na fito wurin masu rake. Sau uku. A na ukun na tsaya, na rasa ma abin da ya kawo ni garin. Ga takarda a aljihuna, ga mazarƙwaila a hannuna tana narkewa, ina tsaye tsakiyar mutane kamar baƙon da ya sauka yau. Ban san tsawon lokacin ba. Da na tsaya rana tana kan rumfuna, da mahaifin wani ɗalibina ya dafa ni ana kiran la'asar.

Ya ce, "Malam, gida za ka? Mu je, hanyata ce." Ba hanyarsa ba ce. Allah ya saka masa.

'Yan'uwan matata sun kwashe kayanta tun ina asibiti. Sai shatin inda jeren kwanoninta yake a jikin bango. Na share ɗakin, na zauna a bakin ƙofa.

Da hannun Bilki ne a hannuna yau maimakon mazarƙwaila fa? A cikin wannan cinkoson?

Alhamis, da hantsi.

Casa'in da biyu.

Juma'a, bayan magariba.

Labari ya riga ni zuwa Kudan, kamar wancan karon. Na tarar Iya ta ƙulle kayan Bilki a ɗankwali ta ajiye a soro. Idonta ya kumbura. Bayan mun gaisa na ciro takardar, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Bar ta, ba karatu na iya ba. Na yi alkawari. Ga kayanta nan. Ba ta cin kuka, sai kuɓewa. In ta farka da dare tana neman ruwa."

Na ce, "Iya, a mayar da kayan ciki."

Ta dube ni.

Na gaya mata zancen zanan da ya ƙone. Na gaya mata zancen kasuwa. Ban rage komai ba. Ita ce mutum ta farko da na gaya wa da bakina.

Ta ce, "To takardar fa? Ba sun ce ya dawo ba?"

"Abin da suka auna ya dawo, Iya. Zan iya tsayawa gaban allo, in na ɓace yara talatin za su tuna mini. Amma a gida daga ni sai ita. Ku riƙe ta zuwa kaka. In na ga wata biyu ban ɓata ba, ni da kaina zan zo in faɗa muku."

Ta rufe fuska da gyale. Sannan ta ce, "Ranar da matarka ta cika, kana kwance ba ka san inda kake ba, sai da ta tambaya ko an ba ka ruwa." Ban taɓa jin wannan ba. Ba wanda ya gaya mini komai game da ranar, ni ma ban tambaya ba.

Muka zauna, ita a can ni a nan, har aka kira la'asar.

Bilki ta yi kuka da ta ga an kwance ƙullin. Na ce mata zan riƙa zuwa duk Juma'a in an tashi daga makaranta. Ta raka ni har bakin gari tana riƙe da sirdin kekena. Ta ce, "Kaka ta ce kana mantuwa. Kar ka manta."

Na ce ba zan manta ba. Na rubuta a tafin hannuna tana kallo.

Litinin, bayan azahar.

Na shiga aji. Suka miƙe suka gaishe ni. Sunaye shida sun ɓace mini, na ce kowa ya faɗi nasa kamar sabon malami, suka yi dariya. Na sa bulalar a bayan kabad.

Na dafa shinkafa. Na zauna gaban murhun har ta nuna, ban motsa ba. Juma'a, Kudan.

Laraba, da yamma.

Na je kasuwa na dawo, ni kaɗai. Gidan shiru. Juma'a, Kudan.

Juma'a, da asuba.

Na farka na san wace rana ce tun kafin in buɗe littafin nan. Na ba keke iska.